Gasa a sana'ar tsara shafukan yanar gizo

Gasa a sana'ar tsara shafukan yanar gizo ita ce gogayyar neman aiki da ake yi tsakanin mutanen da ke gina shafukan intanet don a biya su, musamman masu zaman kansu waɗanda ba sa ƙarƙashin wani kamfani. Irin wannan ma'aikaci ba ya karɓar albashi a ƙarshen wata. Shi yake neman mai aiki, su yi ciniki, ya gama, a biya shi, sannan ya shiga neman wani. Ana cewa kasuwar ta yi cunkoso idan masu neman aikin suka fi aikin yawa, har ta kai farashi ya karye kuma sabon shiga ya daɗe bai samu mai ɗaukarsa ba. Tun farkon shekarun 2000 ake ta wannan kuka a sana'ar, kuma yakan ƙaru duk lokacin da aka fito da wata manhaja da ta sauƙaƙa aikin.

Suna

A Turance ana kiran mai zaman kansa da kalmar *freelance*. Asalinta kalmomi biyu ne masu nufin "mashi mai 'yanci", wato sojan haya na zamanin da wanda yake yi wa duk sarkin da ya biya shi yaƙi. Littafin *Ivanhoe* na marubucin Sikotilan Walter Scott, wanda ya fito a 1819, shi ya yaɗa ta. A Hausa an fi cewa "mai zaman kansa", amma kalmar da ta fi kama da yadda aikin yake ita ce jinga: a yanke ladan aikin gaba ɗaya kafin a fara, ko ya ci kwana uku ko ya ci wata guda. Mafi yawan rigimar da ke tashi tsakanin mai tsara shafi da mai aiki rigimar jinga ce, domin mai aiki yakan yi ta ƙaro buƙatu bayan an riga an yanke kuɗi.

Akwai kuma bambanci tsakanin mai tsara shafi, wanda ke kula da kamanni, launi, haruffa da yadda mai ziyara zai bi shafin, da mai gina shafi, wanda ke rubuta umarnin da kwamfuta ke bi. A manyan kamfanoni mutum biyu ne ko fiye. A wajen masu zaman kansu yawanci mutum ɗaya ne yake yin duka.

Tarihi

Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba a 1989, shafin farko kuma ya fito fili a 1991. A watan Afrilun 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa. A wannan shekarar aka samu burauzar Mosaic, sai Netscape a 1994, JavaScript a 1995, da CSS a ƙarshen 1996. A waɗannan shekarun wanda ya iya rubuta HTML ɗan gata ne. Kamfanoni suna rububin mallakar shafi, masu iya aikin kuwa kaɗan ne, saboda haka ko ɗalibi da ya koyi abin a ɗakinsa yana iya yanke kuɗi mai tsoka.

Hakan bai daɗe ba. Manhajoji irin su FrontPage na Microsoft da Dreamweaver na Macromedia, wanda ya fito a 1997, sun ba mutum damar haɗa shafi ba tare da ya rubuta umarni da hannu ba. GeoCities kuma ya ba miliyoyin mutane masaukin shafi kyauta. Sai ga durƙushewar kamfanonin intanet: ma'aunin hannun jari na Nasdaq ya kai ƙololuwarsa a ranar 10 ga Maris 2000, daga nan ya yi ta faɗuwa har zuwa Oktoban 2002, inda ya rasa fiye da kashi 75 cikin 100 na darajarsa. Kamfanoni da yawa suka rufe, ma'aikatan da aka sallama kuma da dama suka koma zaman kansu. Wannan shi ne karon farko da sana'ar ta ga hannaye sun fi aiki yawa.

A watan Mayun 2003 Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da WordPress. Da farko don masu rubuce-rubuce a intanet aka yi shi, amma ya rikiɗe ya zama harsashin kowane irin shafi, kuma kyauta ne. Ƙididdigar W3Techs ta nuna cewa a 'yan shekarun nan sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Tasirinsa a kan sana'ar fuska biyu ne. Ya samar wa dubban masu zaman kansu abinci, domin ƙananan 'yan kasuwa suna buƙatar wanda zai kafa musu shi ya gyara. Amma kuma ya sauke katangar shiga sana'ar ƙasa sosai. Bayan kamfanin Envato na Ostareliya ya buɗe kasuwar ThemeForest a 2008, mutum yana iya sayen gamammen samfuri da 'yan daloli gomomi, ya sauya hotuna da rubutu, ya miƙa wa mai aiki. Abin da a da yake cin makonni ya koma na kwana biyu. Tela ne ya wayi gari ya tarar an cika kasuwa da ɗinkakkun kaya.

A daidai wannan lokacin aka samu kamfanonin da suka tsallake mai tsara shafin gaba ɗaya suka nufi mai aiki kai tsaye. Squarespace ya faro a ɗakin kwanan ɗalibai na Jami'ar Maryland, inda Anthony Casalena ya ƙirƙire shi a 2003. Wix ya fito daga Tel Abib a 2006, Shopify kuma daga Ottawa a Kanada a wannan shekarar. Da waɗannan, mai gidan abinci ko mai ɗaukar hoto yana iya jawo hoto ya ajiye, ya rubuta sunansa, ya biya kuɗin wata-wata, shi ke nan ya mallaki shafi.

Dandalin dillanci

Babban abin da ya sauya yanayin gasar shi ne dandalin da ke haɗa mai aiki da ma'aikaci ta intanet. Aikinsu aikin dillali ne: su haɗa ciniki, su riƙe kuɗin har a gama, su cire la'adarsu. Elance ya fara a ƙarshen shekarun 1990, oDesk a 2003. Su biyun sun sanar da haɗewa a Disamban 2013, a 2015 kuma suka koma Upwork. Matt Barrie ya kafa Freelancer.com a Sidni a 2009. Fiverr, wanda Micha Kaufman da Shai Wininger suka buɗe a Isra'ila a 2010, ya samo sunansa ne daga dala biyar, farashin da aka fara sayar da kowane aiki a cikinsa. Daga baya an cire wannan iyaka, amma sunan ya riga ya dasa wa masu saye tunanin cewa aikin intanet abu ne mai araha. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100, wato wanda ya yi aikin dala 100, dala 80 ce take zuwa hannunsa.

Kafin zuwan waɗannan dandali, mai tsara shafi a wani gari na Ingila ko Amurka yana gogayya ne da mutanen garinsu. Bayan zuwansu sai ya zama yana tayi a kan aiki ɗaya da wanda ke Dhaka, Lahore, Manila, Nairobi ko Legas, inda kuɗin haya da na abinci ba su kama ƙafar nasa ba. Farashin da zai zama asara ga na farko riba ce ga na biyu. Cibiyar Nazarin Intanet ta Jami'ar Oxford, wadda ta fara auna wannan kasuwa a 2016 ta hannun Otto Kässi da Vili Lehdonvirta, ta ruwaito a 2017 cewa Indiya ce ta fi kowace ƙasa yawan ma'aikatan, da kusan kashi 24 cikin 100, sai Bangladesh da kashi 16, sai Amurka da kashi 12. Masu ba da aikin kuwa mafi yawansu a Amurka suke, sai Birtaniya, Kanada da Ostareliya.

Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2021 ya ce dandalin aiki ta intanet, haɗe da na tasi da na kai saƙo, sun ƙaru daga 142 a 2010 zuwa fiye da 777 a 2020, kuma a dandalin da ake aiki daga nesa masu neman aiki sun fi aikin yawa, abin da ke danne lada. Bankin Duniya a 2023 ya ƙiyasta masu irin wannan aiki tsakanin miliyan 154 da miliyan 435. Faɗin wannan tazara ya samo asali ne daga yadda ake ƙirga su.

Shi kansa neman aikin ba kyauta ba ne. Daga 2019 Upwork ya fara sayar da tikitin da ake miƙa tayi da shi, kowane ɗaya santi 15, kuma aiki ɗaya yakan ci tikiti da yawa. Daga baya ya ƙara da tsarin da mutum zai ƙara tikiti don tayinsa ya hau saman na sauran. Kamfanin ya ce yin haka yana rage tayin banza da ke cika wa mai aiki ido. Masu sukar tsarin kuma suna ganin dillali ne ya samu hanyar cin riba daga cunkoson da kansa, domin ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba, ka riga ka biya.

Matsalar sabon shiga

Sana'ar ba ta da ƙofa. Likita ko lauya sai ya samu lasisi, amma duk wanda ke da kwamfuta da intanet yana iya kiran kansa mai tsara shafi tun daga yau. Wuraren koyo kuma sun yawaita: Udemy a 2010, Codecademy a 2011, freeCodeCamp a 2014, ga darussan YouTube ba adadi. Wannan alheri ne ga wanda ba shi da halin zuwa jami'a, amma yana nufin duk shekara sababbin hannaye suna kwararowa, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suka iya.

Mai aiki kuwa yawanci bai san yadda zai bambance gwani da ɗan koyo ba. Shafuka biyu suna iya yin kama a ido, ɗaya yana buɗewa cikin daƙiƙa biyu a ƙaramar waya, ɗayan kuma yana da nauyi, ba shi da tsaro, zai lalace da zarar an sabunta manhajar da ke ƙarƙashinsa. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana irin wannan yanayi a 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci: idan mai saye ba zai iya gane mai kyau ba, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai masu kaya mai kyau su janye, kasuwa ta rage wa marasa kyau. A kasuwar shafuka ma haka ne, mai aikin da bai san komai ba farashi kawai yake iya kwatantawa.

Dandalin dillanci sun yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi da taurari da shaidar waɗanda aka taɓa yi wa aiki. Sai dai maganin ya haifar da wata cutar. Ba a ɗaukar wanda ba shi da shaida, shaida kuma ba ta samuwa sai an ɗauki mutum. Amanda Pallais ta Jami'ar Harvard ta gwada wannan a oDesk, a binciken da aka buga a 2014. Ta ɗauki ma'aikata ta hanyar ƙuri'a ta ba su ƙaramin aikin shigar da bayanai, ta rubuta musu shaida, sannan ta bi sawunsu. Waɗanda ba su taɓa aiki ba, da suka samu wannan dama ta farko, sun fi takwarorinsu samun aiki daga baya. Wato da yawa daga cikin masu zaman jira ba rashin iyawa ne ya hana su ba, rashin wanda zai fara gwada su ne. Wannan ne ya sa sabon shiga yake karya farashi har ƙasa da abin da zai ci, don kawai ya samu taurarin farko, kuma kafin ya ɗaga farashinsa wani sabon ya iso ya maye gurbinsa a ƙasan.

Gasar zane

Wani salon kuma shi ne mai aiki ya sa kyauta, mutane da yawa su yi zanen, ya zaɓi ɗaya ya biya, sauran su tashi a tutar babu. Kamfanin 99designs, wanda aka kafa a Melbourne a 2008 kuma Vistaprint ya saya a 2020, da wannan salo ya yi suna. Ƙungiyar masu zane ta Amurka, AIGA, ta daɗe tana adawa da aikin da ake yi ba tare da tabbacin biya ba. Masu kare salon suna cewa yana ba wanda ba a san shi ba damar nuna hannunsa.

Ko kasuwar ta cika da gaske

A nan ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa. Ofishin Ƙididdigar Ƙwadago na Amurka ya ci gaba da hasashen cewa guraben masu gina shafuka da masu zanen dijital za su ƙaru fiye da matsakaicin sauran sana'o'i. Amma wannan lissafi ya haɗa da masu albashi a manyan kamfanoni, waɗanda halinsu ya sha bamban da na mai jiran tayi a Fiverr.

Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne kasuwar ba ɗaya ba ce. A ƙasa, inda ake yin shafi mai fuska huɗu ko biyar na gabatar da kanti, cunkoson ya kai matuƙa, domin samfuri da Wix suna yin aikin, Facebook da Instagram kuma sun ɗauke wa 'yan kasuwa da yawa buƙatar shafin ma baki ɗaya. A sama kuwa, inda ake gina kantin intanet mai karɓar kuɗi, ko shafin asibiti, ko na banki, ƙwararru har yanzu suna zaɓar aikin da suke so. Toptal, wanda aka kafa a 2010, ya gina kasuwancinsa ne a kan iƙirarin cewa kashi 3 cikin 100 kawai na masu nema yake karɓa.

Sauye-sauyen fasaha da na doka ma sukan buɗe sabon aiki bayan an ɗauka an gama. Bayan fitowar iPhone a 2007, da maƙalar Ethan Marcotte ta 2010 kan shafin da ke daidaita kansa da girman allo, sai da aka sake gina miliyoyin shafuka, musamman da Google ya fara fifita masu dacewa da waya a Afrilun 2015. A 2018 burauzar Chrome ta fara yi wa shafukan da ba su da HTTPS tambarin rashin tsaro, dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai kuma ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu. Adobe ya daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020. A Yunin 2025 dokar Turai da ke tilasta wa kantunan intanet da bankuna su sa shafukansu su yi amfani ga makafi da sauran masu buƙata ta musamman ta fara aiki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kawo aiki, amma ga wanda ya bi sauyin ne kawai.

Waɗanda suka daɗe a sana'ar sukan kauce wa gasar farashi ta hanyar tsayawa kan fanni ɗaya, misali shafukan makarantu ko na dillalan gidaje, ko su mayar da jinga ta zama kuɗin kulawa na wata-wata. Da yawansu ma ba sa shiga dandalin dillanci, wanda suka yi wa aiki ne yake kawo musu wani.

Ƙirƙirarriyar basira

Wix ya fara amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen haɗa shafi tun 2016, amma fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022 ce ta girgiza kasuwar. Yanzu mutum yana iya bayyana shafin da yake so da magana, manhaja ta rubuta masa umarnin. Binciken Ozge Demirci, Jonas Hannane da Xinrong Zhu a wani babban dandali ya gano cewa cikin wata takwas bayan fitowarsa, tallan ayyukan rubutu da na rubuta umarnin kwamfuta ya ragu da kashi 21 cikin 100 idan aka kwatanta da ayyukan da suka fi dogara da hannu. Su ma masu sana'ar suna amfani da manhajojin don su yi sauri, wanda hakan ke nufin mutum ɗaya yana iya ɗaukar aikin da a da sai mutum biyu ko uku.

A Najeriya

Matasan Najeriya suna cikin wannan gasa ta fuska biyu, a kasuwar gida da ta waje. A gida, mai sayar da atamfa ko turare a Kano ko Kaduna yawanci WhatsApp da Instagram sun ishe shi, kuma kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave suna ba ɗan kasuwa ƙaramin kanti na intanet ba tare da ya nemi kowa ba. Masu neman shafi na sosai su ne makarantu, asibitoci, ƙungiyoyi masu zaman kansu, jaridu da hukumomi, kuma irin wannan aiki sanayya ce ta fi kawo shi. Sunan adireshi mai ƙarewa da .ng yana hannun ƙungiyar NiRA, amma masaukin shafi da samfura da yawa da dala ake biyansu. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a 2024. Wanda ake biya da naira kuɗin kayan aikinsa ya ninka, wanda ake biya da dala kuma ladansa ya ninka, abin da ya ƙara tura mutane zuwa dandalin waje.

A can kuma akwai cikas da takwarorinsu na wasu ƙasashe ba sa fuskanta: wutar lantarki, tsadar data, da zargin damfara da wasu masu aiki ke yi wa duk wanda suka ga sunan ƙasar a shafinsa. PayPal ya shigo Najeriya a 2014 amma ya shafe shekaru yana ba masu asusun kansu damar aika kuɗi kawai ban da karɓa, shi ya sa da yawa suka koma Payoneer. Ko kamfanin Andela, wanda ya fara a Legas a 2014 da manufar horar da sababbin shiga, a Satumban 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya, Kenya da Uganda, yana cewa abokan cinikinsa ƙwararru suke nema. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha.

Wani ɓangare da bai cika ba tukuna shi ne shafukan harsunan gida. Salon haruffa da yawa da ke zuwa tare da samfuran da ake saye ba su ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ko da yake Unicode ya daɗe da tanadar su. Abin da ke faruwa shi ne burauza ta aro harafin daga wani salo ya fito ya bambanta da sauran, ko kuma ya fito a matsayin ɗan akwati. Wasu sukan gudu daga matsalar su cire ƙugiyar, sai "ƙafa" ta koma "kafa", "ɗaki" ya koma "daki". Ga ajami kuma ana buƙatar shafin da ke tafiya daga dama zuwa hagu, da salon haruffan da ke da wasullan da Hausa ke amfani da su, irin su Alkalami da Harmattan na ƙungiyar SIL, waɗanda aka yi musamman don rubutun Afirka ta Yamma.